Ɗan-Manne: Ƙaramar Halittar Da Ke Rage Wa Babban Jirgi Gudu

Gabatarwa

Mu mazauna Tarauni ba mu da teku. Daga Gyadi-Gyadi zuwa bakin ruwan Apapa da ke Legas tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, kuma da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin babban jirgin ruwa ba sai a hoto. Duk da haka rayuwarmu a ɗaure take da shi. Yawancin alkamar da ake yi mana burodi da ita, da baburan da muke hawa, da yadin da ke cike da Kantin Kwari, da magunguna masu yawa da likitoci ke rubuta wa marasa lafiya, duk sai da suka ƙetaro teku kafin tireloli su biyo da su Titin Zariya. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa ake ɗaukarsu. Saboda haka duk abin da ya ƙara wa jirgi shan mai, ƙarshensa a aljihun iyayenmu yake sauka.

A wannan darasi za mu duba wata ƙaramar dabbar teku da ta daɗe tana wahalar da masu jirage. Turawa suna kiranta banakul. Da yake ba dabbar ruwanmu ba ce, mu a nan za mu kira ta ɗan-manne, domin mannewa ce sana'arta. Za mu ga yadda take kama jirgi, da yadda ake kankare ta, da yadda ake hana ta zama tun farko, sannan mu waiwayi kwale-kwalen da ke madatsun ruwanmu na Kano.

Mene Ne Ɗan-Manne?

In mutum ya gan shi a jikin dutse ko gindin jirgi, sai ya ɗauka wata 'yar katantanwa ce. Ƙoƙonsa fari ne mai tauri, siffarsa kamar ɗan ƙaramin rumbu da aka sare wa kai, kuma yawanci bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ko goro ba. Masana ma sun daɗe suna lissafa shi cikin dangin katantanwa, har zuwa 1830 lokacin da wani likitan soja mai suna John Vaughan Thompson ya bi diddigin 'ya'yansa, ya nuna cewa ɗan'uwan ƙaguwa ne da jatan lande. Bayansa Charles Darwin ya shafe shekara takwas, daga 1846 zuwa 1854, yana nazarin wannan dabba kaɗai. A yau an san irinsa sama da 1,000.

Zamansa abin mamaki ne. Da kansa yake mannewa, ƙafafunsa kuwa suna sama. Yana da ƙafafu goma sha biyu masu kama da gashin tsuntsu, waɗanda yake fito da su ta bakin ƙoƙon yana sharo ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa zuwa bakinsa. In ruwa ya janye, ko ya ji motsin abokin gaba, sai ya ja ƙafafun ciki ya rufe ƙofa. Kada mu kwatanta shi da kaska ko kauci, domin ba ya shan komai daga jikin jirgi. Masauki kawai yake nema. Sai dai baƙo ne wanda in ya sauka ba ya sake tashi har mutuwarsa.

Yadda Yake Kama Jirgi

Ɗan-manne ba ya zuwa farat ɗaya, sai an share masa fage. Da zarar an saka sabon katako ko ƙarfe cikin teku, cikin 'yan mintoci wani siririn maiƙo da ido ba ya gani zai lulluɓe shi. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙwayoyin halitta za su zauna a kan maiƙon su haifar da yauƙi, irin wanda muke ji a cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Bayan yauƙi sai gansakuka. Bayan 'yan makonni sai masu ƙoƙo su iso, wato ɗan-manne da kawa da wasu tsutsotsi masu gina wa kansu bututun farar ƙasa.

Shi ɗan-manne yana fara rayuwa ne a matsayin 'yar tsutsa mai iyo, wadda da ƙyar ido ke ganinta. Takan yi saɓa sau da yawa tana girma, har ta kai wani mataki da take daina cin abinci, ba ta da wani aiki sai neman wurin zama. Tana tafiya a jikin abu tana taɓawa da 'yan ƙahonninta. Ta fi son wuri mai kaushi, da inda ruwa ba ya gudu da ƙarfi, da inda ta ji alamar 'yan'uwanta sun riga sun zauna. In wurin ya yi mata, sai ta fitar da wani irin danƙo daga kanta ta liƙe. Wannan danƙo yana daskarewa a cikin ruwa, abin da yawancin gam ɗinmu ba ya iyawa. Daga nan sai ta fara gina ƙoƙo da sinadarin farar ƙasa da take samu daga ruwan teku.

Abu biyu ya kamata mu riƙe a nan. Na farko, tsutsar ba ta iya kama jirgin da ke tsala gudu, a tsaye take samunsa. Na biyu, ɗaya ne ke jawo ɗari. A ruwa mai ɗumi irin na gaɓar Nijeriya kuwa, hayayyafar ta fi sauri fiye da ta ƙasashen sanyi.

Ɓarnar Da Yake Yi

Ku tuna yadda tuƙa keke yake a kan kwalta mai santsi, da yadda yake a kan yashi. Haka jirgi yake ji. In gindinsa yana da santsi, ruwa na zamewa ya wuce. In ya yi kaushi, ruwan sai ya riƙa tirjewa yana jan jirgin baya, dole inji ya ƙara ƙarfi, mai kuma ya ƙara ƙonewa. Wani binciken da Michael Schultz na Makarantar Sojojin Ruwa ta Amurka ya buga a 2007 ya nuna cewa jirgin yaƙin da masu ƙoƙo suka cika wa gindi yana iya buƙatar ƙarin ƙarfin inji har kashi 86 cikin 100 kafin ya riƙe gudun da ya saba. Ko yauƙi kaɗai, wanda kaurinsa bai wuce rabin milimita ba, in ya rufe rabin gindin jirgi, an ƙiyasta yana iya ƙara hayaƙin da jirgin ke fitarwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ban da haka ɗan-manne yana toshe bututun da ke kai wa inji ruwan sanyaya, yana ɓata farfela, yana kuma fasa fenti ya buɗe wa tsatsa hanya.

Tarihi ma ya shaida. A 1904 jiragen yaƙin Rasha suka taso daga Tekun Baltik, wasunsu suka zagaya Afirka, suka shafe wata bakwai kafin su gamu da na Japan a Tsushima cikin watan Mayun 1905. Ƙazantar da ta taru a gindinsu ta rage musu gudu, kuma tana cikin dalilan da ake kawowa na mummunan kayen da suka sha.

A ƙasarmu, a 1975 gwamnati ta yi odar siminti fiye da abin da tashar Legas za ta iya saukewa, har jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, wasu na watanni. Irin wannan zama cikin ruwan ɗumi shi ne abin da ɗan-manne ya fi so. Shi ya sa a yarjejeniyar hayar jirage akan rubuta wanda zai biya kuɗin wanke gindi in jirgi ya daɗe a tsaye a tashar ƙasa mai zafi.

Yadda Ake Kankare Shi

A zamanin jiragen katako, matuƙa sukan nemi gaɓa mai yashi, su sauke kaya, su karkatar da jirgi a gefe ɗaya da igiyoyi, su babbaka gindinsa da wuta sama-sama, su kankare, sannan su juya ɗaya gefen. Wasu kuma sukan shigar da jirgi cikin kogi ya yi kwanaki, domin ɗan-manne ba ya rayuwa a ruwan da babu gishiri. Amma ko ya mutu ƙoƙonsa na nan liƙe, sai an sa hannu.

A yau manyan jirage ana shigar da su wani ƙaton kwarmi, a rufe ƙofa, a zuƙe ruwan, jirgi ya zauna a kan ginshiƙai. Akwai irin wannan wurin gyara a Legas, kamar na Nigerdock da ke Snake Island da na Sojojin Ruwa da ke Victoria Island. Dokar duniya ta wajabta a duba gindin jirgin kaya aƙalla sau biyu cikin kowace shekara biyar. Tsakanin haka akan tura masu nutso ko na'ura mai buroshi su goge shi yana kan ruwa.

Ga ƙaramin jirgi kuwa, ga yadda aikin yake:

1. A fito da shi tudu, a fara aiki nan take tun yana jiƙe. In aka bari ya bushe, ƙoƙon da danƙon sukan ƙara tauri.

2. A sa safar hannu mai kauri da tabarau, domin bakin ƙoƙon kaifi gare shi kamar reza, kuma ciwonsa yakan yi ruwa.

3. A sa makankari a gindin ƙoƙon, a kwantar da shi, a tura daga gefe. Kada a sara daga sama. In jikin jirgin na roba ne, a yi amfani da makankarin katako ko na roba don kada a yi masa rauni.

4. A wanke da ruwa mai ƙarfin feshi, ko da buroshi mai tauri.

5. Za a ga wasu fararen zobba sun rage, wato gindin ƙoƙon. Waɗannan abu mai tsami ke narkar da su. A shafa, a jira kaɗan, a goge, a ɗauraye sosai. Asid mai ƙarfi yana cin alminiyam da ƙarfe, yana kuma ƙona fata, don haka ba aikin yara ba ne.

6. A tattara abin da aka kankare a zubar a tudu, kada a mayar da shi ruwa.

7. A goge da samfefa a jiƙe don kada a shaƙi ƙurar tsohon fenti, a bari ya bushe, sannan a shafa sabon fenti.

Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga wahala ce da kuɗi da ɓata lokaci, kuma jirgin da ke tudu ba ya kawo ko kwabo. Gaskiyar Hausawa, rigakafi ya fi magani.

Rigakafi: Daga Kwalta Zuwa Fenti

Mutanen da sun gwada kwalta da kakin zuma da kitse. Girkawa da Romawa sun lulluɓe gindin wasu jirage da fallayen dalma. Babban ci gaba ya zo ne a 1761, lokacin da Sojojin Ruwan Ingila suka lulluɓe wani jirgi mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe. Da ya dawo daga tafiya aka tarar gindinsa fes, domin jan ƙarfe yana sakin wani ɗan guba a hankali wanda tsutsar ba ta iya jurewa. Sai dai wata matsala ta ɓullo: ƙusoshin baƙin ƙarfe suka riƙa cinyewa. Dalili shi ne, in ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu cikin ruwan gishiri, sai su zama kamar batir, ɗaya ya riƙa narkewa. Dole aka koma amfani da ƙusoshi masu jan ƙarfe.

A 1824 masanin kimiyya Humphry Davy ya so ya hana jan ƙarfen kansa cinyewa, sai ya liƙa masa gutsattsarin tutiya da baƙin ƙarfe. Dabarar ta yi aiki, jan ƙarfe ya daina narkewa. Amma da ya daina narkewa sai gubar ta daina fita, ɗan-manne da ciyawa suka dawo. Ashe cinyewar da ake kuka da ita, ita ce ke tsaron jirgin.

Da aka koma ƙera jirage da ƙarfe, ba dama a liƙa musu jan ƙarfe kai tsaye, sai aka koma zuba garinsa cikin fenti. Har yanzu irin wannan fenti ne ya fi yawa, kuma asalin jan launin da muke gani a gindin jirage ke nan. Ba a shafa shi a jirgin alminiyam, saboda dalilin batir da muka ambata.

Garin Gyaran Gira

A shekarun 1960 aka fara sa wani sinadarin kuza mai suna TBT cikin fenti. Masu jirage suka yi murna, domin jirgi yakan yi shekara biyar gindinsa tsaf. Ba a daɗe ba sai masu kiwon kawa a Arcachon ta ƙasar Faransa suka ga kawarsu ta daina hayayyafa, ƙoƙonta yana fitowa a karkace, sana'ar dubban mutane ta kusa durƙushewa a ƙarshen shekarun 1970. A gaɓar Ingila kuma aka ga matan wata katantanwar teku suna fitar da gaɓoɓin maza, har su kasa yin ƙwai. Bincike ya nuna kimanin giram ɗaya na wannan guba cikin lita biliyan ɗaya ta ruwa ya isa ya jawo haka. Garin gyaran gira an kusa rasa ido.

Faransa ta hana shafa shi a jiragen da ba su kai mita 25 ba a 1982. Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana shi a 2001, ta kuma fara aiki ranar 17 ga Satumba, 2008. Daga farkon 2023 aka ƙara wani sinadari mai suna cybutryne cikin jerin haramtattu.

Yanzu hankalin masana ya karkata ga hanyoyin da ba na kisa ba. Akwai fentin silikon mai tsananin santsi, wanda ko ɗan-manne ya kama, da jirgi ya ɗauki gudu sai ya zame. Akwai na'urar da ke aika wata ƙara da kunne ba ya ji ta jikin jirgi don hana tsutsa zama. Akwai kuma mafi sauƙi duka: a riƙa goge yauƙi akai-akai tun masu ƙoƙo ba su iso ba, kada a bar jirgi ya daɗe a tsaye, ƙaramin jirgi kuma a fito da shi tudu in ba a aiki da shi.

Jiragenmu Na Gida

To, ina ruwanmu da wannan a Kano? Muna da madatsun ruwa irin su Tiga da aka kammala a 1974, da Chalawa ta Ƙaraye ta 1992, da Bagauda, da Watari ta Bagwai, kuma masunta da masu fito suna aiki da kwale-kwale a kansu kullum. Ɗan-manne ba ya zama a can, amma matakan farko na ƙazantar duk suna nan: yauƙi, da gansakuka, da ƙwan katantanwa, da ciyayin ruwa. Suna ƙara wa kwale-kwale nauyi, suna gajiyar da mai filafili, suna ƙara wa mai inji kuɗin fetur. Mafi haɗari kuma, suna ɓoye tsaga da ruɓar katako. Jirgi rayuka yake ɗauka. Ba mu manta da hatsarin Bagwai na 30 ga Nuwamba, 2021 ba, inda sama da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara ɗalibai. Yawan lodi aka ɗora wa laifin wannan hatsari, amma ya isa ya tuna mana cewa sakaci a kan ruwa ba ya yafiya.

Kulawar ba ta da tsada. A jawo kwale-kwale tudu lokaci-lokaci, a kife shi, a goge da buroshi da yashi, a duba kowace tsaga a toshe da tsumma da kwalta. Kada a bar shi ya daɗe cikin rana, domin katako yakan tsage. Mai wankin ya kiyayi daɗewa cikin ruwan gaɓa mai katantanwa saboda cutar tsargiya. Kada kuma a shafa wa jirgi baƙin mai ko maganin ƙwari ko fenti mai guba. Ruwan da ake tacewa a Tamburawa da Chalawa domin birnin Kano daga waɗannan koguna yake fitowa, haka ma kifin da muke saye. Abin da ya faru a Arcachon ya ishe mu ishara.

Akwai kuma batun kai baƙo inda ba a gayyace shi ba. Wata irin kainuwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta shigo ruwan Badagiri a 1984, daga baya ta toshe hanyoyin jirage a wurare da dama har da Tafkin Kainji. Guntun ciyawa ko iri da ya maƙale a jikin jirgi ko taru ya isa ya kafa sabuwar annoba. Saboda haka duk jirgin da za a ɗauka daga wannan ruwa zuwa wancan, a wanke shi, a tsiyaye ruwan cikinsa, a shanya shi tukuna.

Gwaji Biyu Da Za Mu Iya Yi

Na farko: a sami ɓawon ƙwai ko ƙoƙon katantanwa, a sa a kofin gilas, a matsa masa lemon tsami. Za a ga kumfa na tashi, bayan kwana ɗaya ko biyu ɓawon ya yi laushi. Sinadarin da ke cikinsa iri ɗaya ne da na ƙoƙon ɗan-manne, kumfar kuwa iskar kabon ce.

Na biyu: a cika bokiti da ruwan rijiya, a ajiye inda rana ke samu, a nutsar da guntayen katako biyu, a rufe bakin da gidan sauro. A riƙa goge ɗaya da tsumma duk bayan kwana uku, ɗayan kuma kada a taɓa shi. Bayan mako huɗu a fito da su, a auna mintocin da kowanne zai ci kafin ya fita fes, a rubuta sakamako a kai wa malamin kimiyya.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, mun ga cewa abin da ke rage wa ƙaton jirgi gudu yana farawa ne da 'yar tsutsa wadda da ƙyar ido ke ganinta. Ranar da ta sauka, tsumma ma ya isa ya share ta. Bayan wata uku sai da makankari da asid da gumi. Mun kuma ga cewa ba kowane magani ne alheri ba, dole a tambayi wanda zai sha ruwan bayanmu.

Haka halin mutum yake. Makara sau ɗaya, ƙaramar ƙarya, leƙen takardar wani a jarrabawa, aikin gida da aka ce sai gobe, duk da sauƙi suke sauka, kuma ɗaya na kiran ɗaya. Sun fi samun wanda ke zaune ba ya komai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu riƙa duba kanmu kowace rana, mu karɓi gyaran iyaye da malamai da shugabannin ikilisiya da zuciya ɗaya tun abin yana yauƙi. Ubangiji ya ba mu hikimar kula da abin da ya damƙa a hannunmu, ya kuma kiyaye dukan masu tafiya a kan ruwa. Amin.